Yadda ake saita kwararar ruwa a famfon da ke aikin tabayin a tashar ajiyar wuta

Tashar ajiyar wuta ta ruwa tafki biyu ce, ɗaya a kan tudu, ɗaya a ƙasa. Idan wuta ta yi rara sai a tura ruwa sama, idan ana buƙatarta sai a sako shi ya juya inji. Manyan tashoshi irin su Ingula ta Afirka ta Kudu mai megawat 1,332 da Goldisthal ta Jamus mai megawat 1,060 injinansu ƙirar musamman ce. Kewaye da farfela akwai fukafukai masu motsi, ana buɗe su ko a matse su don ƙara ruwa ko rage shi ba tare da kusurwar da yake shiga farfela ta ɓaci sosai ba. Mai gina ƙaramar tasha ta kilowat 10 zuwa 'yan ɗaruruwa ba shi da kuɗin wannan. Famfon kasuwa yake saye, mai farfela a cikin kwanso irin na katantanwa, ya sa ruwa ya shiga ta bakin fita, farfela ta juya da baya, moton ya koma janareta, famfon ya zama tabayin, wato injin da ruwa ke juyawa. Ya samu sauƙin kuɗi da kayan gyara, amma babu fukafukan nan. Saboda haka injin wuri ɗaya kawai yake aiki da kyau, kuma duk aikin saita ruwa shi ne a riƙe shi kusa da wannan wurin.

Ga yadda abin yake a yawancin famfunan da ke watsa ruwa ta gefen farfela. Idan ruwa ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100 na wanda ya dace da injin, ingancinsa zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma. A kashi 60, kusan sulusi ya tafi. A wajen kashi 40 injin yana juyawa, ruwa yana wucewa, amma ba ya ba da wuta ko kaɗan. Ta ɗaya gefen kuwa abin da sauƙi: a kashi 120 asarar ba ta wuce kashi 5 ko 6 ba. Shi ya sa idan girman injin bai fito daidai ba, gara ya ɗan yi ƙanƙanta da ya yi girma.

Fara da gano wurin da injin yake so

Takardar kamfani tana nuna aikin famfo ne kawai. A matsayin tabayin, a juyi iri ɗaya, injin yana neman ruwa mai yawa da tsayi mai yawa fiye da abin da ke rubuce. Akwai ƙa'idojin kintace, na Stepanoff da na Sharma su ne aka fi amfani da su. A lissafin Sharma, famfo mai inganci 0.85 za ka ninka tsayinsa da 1.22, ruwansa da 1.14. Mai 0.80, tsayi da 1.31, ruwa da 1.20. Mai 0.70, tsayi da 1.53, ruwa da 1.33. Kintace ne fa, yana iya kaucewa da kashi 20. Ka nemi kamfanin ya ba ka sakamakon gwajin injin yana juyawa da baya. Wanda ba shi da shi, ka sa kuɗin gwaji a cikin kasafinka.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Tsakanin saman ruwan tafkunan biyu mita 40 ne. Bututun ƙarfe ne mai tsawon mita 400 da faɗin milimita 250. Famfon yana tura lita 60 a sakan zuwa tsayin mita 43 a juyi 1,450 a minti, ingancinsa 0.80. Mita 3 na sama gogayyar bututu ce ke cinye su. A wannan juyin, idan aka mai da shi tabayin, zai nemi mita 56 da lita 72 a sakan. To amma abin da ke akwai mita 40 ne, a cire gogayya ya koma wajen 37.

Nan ne matsalar tashar ajiya ta bambanta da ta sauran wurare. Wajen hawa, gogayya ƙaruwa take a kan tsayin, wajen sauka kuwa raguwa take yi, alhali injin akasin haka yake so. Idan ka haɗa moton kai tsaye da layin wuta mai Hz 50, zai juya a wajen 1,550, abin da zai nema kuma ya haura mita 64. Zai yi aiki, amma ingancinsa zai faɗo ƙasa da 0.60, ka samu kilowat 10 ko makamancin haka a shaf, wato sandar da ke haɗa farfela da moto. Mafita ita ce a rage juyi. Ruwa yana tafiya daidai da juyi, tsayi yana bin juyi sau juyi, ƙarfi kuma juyi sau uku a jere. Da wannan za ka ga cewa a juyi 1,180 injin yana son mita 37 da lita 58 a sakan, wato daidai abin da wurin ke bayarwa. Lissafin ƙarfi: 9.81 × 0.058 × 37 × 0.80, kusan kilowat 17. Daga 10 zuwa 17, ba a taɓa komai ba sai juyi.

Kada a ruɗi kai game da abin da zai dawo. Wajen hawa injin yana cin kusan kilowat 36 daga layi, wajen sauka, bayan moto da inbata (na'urar da ke saita juyin moto) sun ci rabonsu, kilowat 15 ne ke fita. Idan aka lissafa a kan kowace lita, kashi 43 cikin 100 ke nan na wutar da aka zuba. Ƙaramar tashar Froyennes ta Beljiyam, wadda famfo ɗaya mai sauya juyi ke yi wa aikin hawa da sauka, kashi 42 aka ba da rahoton ta samu a 2019. Manyan tashoshi suna kaiwa 75 zuwa 80. Tunda abin da ke dawowa kaɗan ne tun farko, babu sararin ɓarnar da za a ƙara masa da mummunan saiti.

Inbata: aikinta bin tsayin ruwa ne

Inbatar da ake sa wa famfon rijiyar burtsatse ba za ta yi ba. Hanya ɗaya wuta ke bi a cikinta. Da moto ya fara mai do da wuta, sai ƙarfin lantarkin cikinta ya hau ta yanke. Ana buƙatar mai mai da wuta layi, wadda wuta ke shiga ta fita ta kowane gefe, kuma a zaɓi girmanta da aikin hawa, domin shi ne mai nauyi: moto mai kilowat 37 a misalinmu, inbata daidai da shi ko sama kaɗan.

Yayin da tafkin sama ke sauka na ƙasa ke cika, tsayi yana raguwa. Idan yana yawo tsakanin mita 42 da 36, juyin da ya dace zai sauka daga wajen 1,210 zuwa 1,120. Ka sa ma'aunin matsi a bakin shiga da bakin fita na injin, bambancinsu shi ne tsayin gaskiya, na'urar sarrafawa ta PLC kuma ta riƙa lissafa juyi daga gare shi. Ma'aunin kwarara ya zama mai maganaɗisu, mai karanta ruwa ta kowane gefe, a bar masa miƙaƙƙen bututu aƙalla ninki biyar na faɗinsa gaba da baya, tunda ruwan yana juya akala.

A lokacin gwajin farko ka zana taswirar injin da kanka. A tsayin da ake da shi, ka sauya juyi mataki-mataki, juyi 40 ko 50 a tsakani, ka jira rabin minti ruwa ya natsu, ka rubuta ruwa da tsayi da wutar da ke fita. Ka maimaita da tafki cike, da rabi, da kusan ƙarewa. Abin da za ka nema shi ne juyin da ke ba da wuta mafi yawa a kan kowace lita, ba juyin da ke ba da kilowat mafi yawa ba. Biyun ba ɗaya ba ne. Masu aikin sola sun saba da na'urar da ke farautar ƙololuwar ƙarfi, kuma ya dace da su, don rana kyauta ce. Ruwan tafkin sama kuwa da kuɗi aka kai shi can.

Saitin kada ya yi zafin nama. Ruwan da ke cikin bututun mita 400 ya kusa tan 20, ba ya sauya gudu nan take. Idan inbata ta rage juyi da sauri, ƙarfin da ke ajiye a farfela da moto zai fito a matsayin wuta, ma'auni ya nuna ƙari, na'ura ta ɗauka ta yi daidai ta ƙara, sai ka ga juyi yana hawa da sauka ba tsayawa. Ka taƙaita sauyin zuwa juyi 10 ko 20 a sakan, ka tace karatun matsi na sakan 3 zuwa 5, kuma saitin bawul ya fi na juyi jinkiri nesa ba kusa ba, don kada su biyun su yi ta kokawa.

Wajen hawa sararin sauya juyi ƙarami ne. Idan famfon nan yana kai mita 52 da bawul a rufe a juyi 1,450, to a wajen 1,270 mita 40 kawai zai kai, ruwa ya tsaya cak yana zafi a cikin kwanso. Ka kafa iyakar ƙasa nesa da nan, inda ruwan bai gaza mafi ƙarancin da kamfani ya rubuta ba.

Idan ana son rabin wutar

A nan mutane suka fi sa rai fiye da abin da injin zai iya. A ce ana son rage ruwa daga lita 58 zuwa 47. Hanya ta farko, a ƙara juyi, domin irin wannan farfela idan ta yi sauri tana tura ruwan baya ya ragu. Sai an kai kusan 1,580, kuma kilowat 9 za a samu. Ta biyu, a matse bawul a rage juyi zuwa wajen 940 don injin ya zauna a wurin da yake so. Injin yana lafiya, amma bawul ya cinye mita 14, kilowat 9 ɗin dai ko ƙasa kaɗan. Ta uku, a bar juyi a 1,180 a matse bawul kaɗan: kilowat 9 da rabi. Duk ta inda aka bi, an rage ruwa da kashi 20, wuta ta ragu da kusan 45. Kowace lita ta yi asarar kusan kashi 30 na darajarta.

Bututun ratse, wanda ke zagaye injin, a nan ba abin saiti ba ne. A layin ruwan sha na gari yana da ma'ana, domin masu buɗe famfo a gidaje su ne ke yanke yawan ruwan, dole rarar ta wuce ta wani wuri. A tashar ajiya kai ne ke yanke shi. Duk litar da ta bi ratse an zubar da ita ne. A bar shi don rage matsi lokacin gaggawa.

Abin da ke aiki shi ne injina da yawa masu girma daban. Biyu, ɗaya ninki biyun ɗaya, suna ba da matakai uku. Uku a kan 1, 2 da 4 suna ba da matakai bakwai, kuma a kowane mataki duk injin da ke kunne yana wurin da yake so. Tsakanin matakai inbata da bawul su cike ɗan giɓin, kashi 10 sama ko ƙasa, inda asarar ba ta da yawa. Sauye-sauyen sakan-sakan kuwa a bar wa ƙaramin batir, wanda zai iya ɗaukar ƙarfin mataki ɗaya na minti 10 zuwa 15. Idan injin ɗaya kawai kuɗi ya kai, a kunna shi cikakke ya cika batir, a kashe shi, ya fi a bar shi yana jan ƙafa a rabin ruwa. A sa tazara tsakanin inda ake kunnawa da inda ake kashewa, da mafi ƙarancin lokacin aiki kamar minti 10, in ba haka ba injin zai yi ta tashi da kwanciya a kan iyaka.

Abu ɗaya a kula: injinan da ke kan bututu ɗaya suna shafar juna. Ninka ruwa sau biyu yana ninka gogayya sau huɗu. Bututun da ke cin mita 3 da injin ɗaya zai ci kusan 12 da biyu masu girma ɗaya. A auna bututu da jimillar ruwan, kuma duk lokacin da wani ya shigo, juyin sauran ya sauka daidai da sabon tsayin.

Ana iya ƙera fukafukai masu motsi a saka wa famfo, an kuma gwada a ɗakunan bincike. Sai dai tsakanin farfela da kwanso babu fili, sai an rage farfela ko an sake kwanso, kuma kafin a gama kuɗin ya kusa na ƙaramin tabayin na gaske. Gyaran da ya fi araha shi ne a goge kaifin bakin fukafukan farfela na waje su zama zagaye, tunda yanzu ta nan ruwa ke shiga. Yakan ƙara kashi 1 zuwa 2 wajen sauka. A yi shi kaɗan-kaɗan, a sake daidaita nauyin farfela, a kuma sake auna aikin hawa, domin yana iya rage tsayin da famfon ke kaiwa.

Bawul da inda ake sa shi

Bawul ɗin saiti ya zauna a gefen tafkin sama. A tabayin da ba ya aikin famfo akan sa shi a bayan injin don matsi ya hana kumfa, amma a nan wannan gefen shi ne bakin tsotsa lokacin hawa, kuma duk abin da ya takura shi zai jawo kumfar tururi mai cin farfela. A can bawul mai buɗewa gaba ɗaya kawai za a sa, na rufewa don gyara. Bawul mai ƙofa da ke sauka ba na saiti ba ne, a rabin buɗe yana kaɗawa yana cinyewa. Mai faifan da ke juyawa yana saituwa tsakanin digiri 30 da 70. Na milimita 200 a kan bututun 250 ya fi jin magana, asararsa a buɗe kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Injin ya zauna ƙasa da mafi ƙarancin ruwan tafkin ƙasa. Aikin hawa ne ke yanke zurfin: ka duba adadin NPSH, wato matsin da famfo ke buƙata a bakin tsotsa don kada kumfa ta taso, a takardar kamfani ka ƙara aƙalla mita 1. Matsin iska a bakin teku daidai yake da mita 10.3 na ruwa, a wuri mai tsayin mita 1,200 kamar tudun Jos kuwa bai kai mita 9 ba. Ruwa mai zafin digiri 35 yana ƙara cin wajen sulusin mita a kan mai digiri 20. Alamar kumfa ƙara ce kamar tsakuwa na yawo a cikin kwanso.

Ranar da wuta ta ɗauke

Inda babban layi ke yawan yankewa, kamar yadda aka saba a Najeriya da Nijar, wannan abin yau da kullum ne, da shi za a tsara tashar. Da layi ya yanke, janareta ya saki shaf, ruwa kuma yana nan yana turawa. Farfela da moton wannan girman ba su da nauyi, cikin sakan ɗaya ko makamancinsa injin ya ƙwace ya kai ninki 1.3 zuwa 1.5 na juyinsa, wajen 1,750 a misalinmu. Ka tabbatar a rubuce cewa moto da farfela za su jure wannan da rara a kai.

Haɗarin da ba a gani shi ne ruwan. Farfelar da ta ƙwace tana toshe hanya, kwarara ta faɗi kusan rabi ba tare da an taɓa bawul ba. Bugun ruwa yana tafiya a bututun ƙarfe da gudun wajen mita 1,100 a sakan. Ka ninka wannan da raguwar gudun ruwan ka raba da 9.81: raguwar rabin mita a sakan tana iya ƙara mita 56 a kan 40 ɗin. Tsayar da duk ruwan mai gudun mita 1.2 a sakan farat ɗaya, mita 135. A bututun roba na HDPE bugun ba ya wuce sulusin wannan. Maganinsa kashi uku ne. Resistar birki a kan inbata, wadda za ta ƙona cikakken ƙarfin injin har bawul ya gama rufewa, da wutar ajiya ga na'urar sarrafawa. Fulawil, wato faifai mai nauyi, a kan shaf, don ƙwacewar ta ɗauki sakan 4 ko 5. Sai bawul mai rufe kansa da nauyin ƙarfe da birkin mai, ba ya jiran lantarki. Lokacin rufewarsa sakan 45 zuwa 60 a bututu irin wannan, kuma ƙarshen ya fi jinkiri, domin kusan duk tsayar da ruwan a kashi 20 na ƙarshe yake faruwa.

Wajen hawa ma akwai nasa. Bawul mai hana ruwa komawa, wanda kowane famfo ke da shi, dole a cire shi ko a zagaye shi, tunda ana son ruwa ya dawo. Idan wuta ta ɗauke ana cikin turawa, matsi zai faɗi, ruwa ya iya rabuwa a inda bututu ya yi tozo, ya dawo ya haɗu da ƙarfi, injin kuma ya juya da baya. A sa bawul ɗin iska a kowane tozo, idan bututun dogo ne a ƙara tankin iska kusa da injin.

Tayarwa da tsayarwa

Don sauka: a tabbatar bawul ɗin ƙasa a buɗe yake, an fitar da iska daga kwanso. A ɗan buɗe na sama har ruwa ya kai injin kusa da juyin aiki, inbata ta kama shi yana juyawa, sannan a ci gaba da buɗewa cikin minti ɗaya. Wajen tsayarwa a bi akasin haka, a matse bawul har wuta ta kusa sifili kafin inbata ta saki. Wanda ya fara sakin inbata ya jawo ƙwacewa da hannunsa. Don hawa: a tayar da bawul a rufe, juyi ya hau har matsin famfo ya wuce na bututu, a buɗe, kada a wuce rabin minti a rufe. Tsakanin hawa da sauka a bar shaf ya tsaya cak, a jira allurar matsi ta daina rawa.

Farfelar da aka ɗaure da tiredi ba ta kwancewa lokacin da ruwa ke juya ta, domin murɗin da ke kan shaf gefe ɗaya yake a aikin biyu. Tana kwancewa ne idan moto ne ya ja ta da baya, kamar inda aka saita inbata ta kai injin juyin aiki kafin ruwa ya shigo. A zaɓi mai ki da noti mai kulle. Haka kuma a duba sil ɗin da ke hana ruwa yoyo ta shaf, wani mai sifirin ɗaya gefe ɗaya kawai yake juyawa, da fankar moto, da yadda boris ke samun mai. A juyi ƙasa da 1,000 na dogon lokaci fankar kan shaf ba ta isar da iska sosai, a ƙara mata ta daban.

Bayan an fara aiki, kowane wata a kwatanta wutar da ake samu a kan kowace lita da taswirar farko a tsayi iri ɗaya. Idan ruwa ya ƙaru wuta ta ragu, zoben da ke tsakanin farfela da kwanso ya ci, galibi yashi ne, a canza shi idan giɓin ya ninka na asali. Idan ruwa da tsayin da ke bakin injin duk sun ragu, a duba rariyar bakin tafki ko iskar da ta maƙale a bututu. Idan tsayi yana nan amma ruwa ya ragu kuma injin na kaɗawa, wani abu ya shiga tsakanin fukafukan farfela, sai an buɗe kwanso.